Yadda Ake Sayen Inshorar Mota da ta Gida a Abuja Ba Tare da An Sayi Takardar Banza Ba

Masu mota da yawa a Abuja suna da takardar inshora, amma kaɗan ne za su iya faɗin sunan kamfanin da ya ba su ita, domin a haɗe take zuwa da sauran takardu a lokacin sabunta lasin. Amfaninta kuwa ba a shingen 'yan sanda yake bayyana ba, sai ranar da aka yi karo a kan titin Kubwa, ko aka wayi gari ruwa ya cika falo a Lugbe. Saboda haka kowane mataki a nan an gina shi ne a kan tambaya guda: idan abin ya faru, za a biya?

Da farko, mai mota ya tantance irin inshorar da yake so. Wadda doka ta wajabta ita ce ta ɓangare na uku, wato wadda ke biyan mutumin da ka yi wa ɓarna ko ka ji wa rauni. Tun daga 1 ga Janairun 2023, hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗinta na shekara ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Abin da mutane da yawa ba sa ganewa sai bayan haɗari shi ne, wannan inshora ba ta gyara motarka ko da fitila ɗaya ce ta fashe. Wanda yake son a biya shi idan motarsa ta lalace, ta ƙone ko aka sace ta, sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, ma'ana motar naira miliyan 10 za ta ci aƙalla 500,000 a shekara. A ganina, tsohuwar motar da bakanike ya san ta ciki da waje ba lallai ta cancanci wannan ɗawainiya ba, amma wadda aka saya da bashin banki ko ake neman abinci da ita ta cancanta.

Mataki na biyu shi ne wurin saye, kuma a nan aka fi cutar mutane. A sayi inshora daga kamfani ko dillalin da yake da lasisin NAICOM, a biya kuɗin cikin asusun kamfanin, a karɓi rasit, domin a doka babu kariya matuƙar ba a biya ba. Duk wanda ya tare ka a bakin ofishin lasin ya ce zai haɗa maka ita a kan dubu biyar, takarda kawai zai sayar maka. Bayan an biya, a danna *565*11# a waya, a shigar da lambar mota, a ga ko sunan kamfanin ya fito a rumbun bayanan ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa. Idan bai fito ba, a koma wa wanda ya sayar tun da wuri, musamman da yake 'yan sanda sun tsananta bincike tun daga 1 ga Fabrairun 2025. Ga wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshorar da aka saba ba saboda dalilin addini, akwai takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu guda don tallafa wa wanda asara ta samu, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki ne da lasisin hukumar NAICOM.

Sha'anin gida ya fi buƙatar natsuwa. Ginin daban ne, kayan da ke cikinsa daban, don haka inshorar mai gida ba ta biyan talabijin ko firjin ɗan haya, sai shi ma ya yi tasa. Wajen faɗin darajar gida, abin da ake nema shi ne kuɗin sake gina shi a farashin siminti da rodi na yau, ba kuɗin fili ba, tunda gobara ba ta cin fili ko a Maitama yake. Rage darajar don a biya kaɗan kuwa dabara ce mai komawa kan mai ita: idan ginin da zai ci miliyan 40 aka rubuta shi miliyan 20, sannan gobara ta yi ɓarnar miliyan 10, kamfani zai biya miliyan 5 ne kawai, domin rabin kariya aka saya. Mazauna Lugbe da Lokogoma, inda ambaliya ta sha yin ɓarna da damina, su tabbatar an ambaci ambaliya ƙarara a cikin yarjejeniyar, domin inshorar gobara zalla ba ta ɗaukarta. A kuma tambayi adadin da wanda ya sayi inshorar zai fara cirewa daga aljihunsa idan asara ta auku, kafin kamfani ya cika sauran. Sai a ɗauki hotunan ɗakuna da rasitan manyan kaya, a ajiye su a waya ko imel, ba cikin durowar da wutar za ta cinye ba.

Ranar da asara ta auku, a ɗauki hoto kafin a motsa komai, a sanar da kamfani nan take cikin wa'adin da yarjejeniya ta gindaya, a kuma samo rahoton 'yan sanda idan haɗari ne ko sata, ko na 'yan kwana-kwana idan gobara ce. Al'adarmu ta sasantawa a bakin titi, a ce laifina ne, zan gyara, tana da kyau ta fuskar zumunci, amma tana iya sa kamfani ya zame, saboda yawancin yarjejeniyoyi sun hana amsa laifi ko fara gyara kafin jami'insu ya zo ya ƙiyasta ɓarnar. Idan an cika takardu kamfani ya shiga jan ƙafa, a rubuta masa wasiƙa a riƙe kwafi, in ba a ji amsa ba a kai ƙorafi sashen koke-koke na NAICOM, wadda hedikwatarta ke nan Abuja, tare da lambar yarjejeniya, rasit da hotunan.