Yadda Iyaye Za Su Taimaki Ɗan Aji Ɗaya Ya Amfana da Ziyarar Makaranta

Ɗan aji ɗaya na firamare, mai shekara 6 ko 7, ya fi riƙe abin da ya gani da idonsa a kan abin da aka rubuta masa a allo, shi ya sa malamai kan kai ɗalibai ɗakin karatu, gona ko ofishin 'yan kwana-kwana.

Kafin ranar, a tambayi malami darasin da ziyarar ta shafa, kuma a tabbatar yaron ya iya faɗin cikakken sunansa da na iyayensa, ko da zai rabu da 'yan ajinsu.

Babban aikin kuwa sai bayan an dawo. Kada a tambaye shi ko ya ji daɗi, domin "e" kawai zai ce. Idan ofishin 'yan kwana-kwana aka kai su, a ba shi takarda ya zana motar kashe gobarar da ya gani, ya ƙirga tayoyinta, sannan ya rubuta harafin farko na sunanta a ƙasa. Idan ya rikita b da d, a gyara masa ba tare da tsawa ba, domin hakan ruwan dare ne ga masu koyon rubutu.