Yadda ake gane rim ɗin aloi da zai gyaru da wanda sai dai a sauya

Duk wanda ya taɓa faɗawa rami da gudu ya san faɗuwar gaban da ke biyo bayan ƙarar, musamman idan motarsa rim ɗin aloi gare ta. Rim ɗin ƙarfe yakan lotsa ne kawai, mai faci ya sa guduma ya miƙe shi, amma na aloi, da yake narkakken alminiyam ne aka zuba a mazubi, bai iya jure duka ba, kuma idan aka matsa masa yana sanyi tsagewa yake yi. Saboda haka kada ka yarda kowa ya ɗaga masa guduma kafin a kwance shi a duba irin raunin da ya samu.

A cire tayar daga mota, a wanke rim ɗin sosai, domin ƙurar birki takan ɓoye tsaga mai kaurin gashi. A fi mai da hankali ga leɓen ciki, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙarƙashin mota, tunda can ba shi da hannuwan da ke tallafe shi, kuma can ne ya fi lanƙwasa. Idan tayar tana rage iska kullum ba tare da an ga ƙusa ba, a shafa ruwan sabulu a duk zagayen inda roba ta haɗu da rim. Wurin da ƙananan kumfa ke tasowa a jere, nan ne matsalar take. Rawar sitiyari idan mota ta ɗauki gudu ita ma alama ce, kuma ɗora rim ɗin a kan injin balansin zai nuna ko yana juyawa daidai ko yana layi.

Karcewar da gefen titi ya yi wa fuskar rim aikin samfefa ne da fila da fenti, ba ta da haɗari. Ƙaramin lanƙwasa a leɓe ma yana gyaruwa, muddin a injin miƙe rim aka yi shi, ana ɗan ɗumama wurin ana dannawa a hankali. Zafin wuta ne abin lura, domin tun a masana'anta an gasa alminiyam ɗin don ya yi ƙarfi, kuma idan mai gyara ya zabga masa wuta fiye da kima, wurin zai yi laushi ko da ido bai gani ba.

Tsaga kuwa sai an yi hattara. Gajeriyar tsaga guda ɗaya a leɓen ciki ana iya ɗinke ta, amma sai wurin mai waldar alminiyam da ke aiki da iskar argon, wanda zai huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya share bakinta, sannan ya cike. Idan tsagar tana kan hannun rim, ko kusa da ramukan noti, ko kuma ta wuce ɗaya, ni dai shawarata a haƙura da shi komai kyansa, domin nan ne nauyin mota ke sauka, kuma ranar da ya saki bisa titi ba zai yi sallama ba.

Idan sauyawa za a yi, a juya tsohon rim a karanta lambobin da ke bayan hannuwansa kafin a nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Rubutu irin 16x6.5J yana nufin girman inci 16 da faɗin inci 6.5, lambar da ke bin ET kuma tana nuna yadda rim ke shiga ciki ko fitowa waje, a milimita. Sai yawan ramukan noti da tazararsu: yawancin Camry da Accord 5x114.3 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, amma ramin tsakiya na Camry milimita 60.1 ne, na Accord kuma 64.1, don haka rim ɗin Camry ba zai zauna a Accord ba. Su kansu notin sun bambanta, na rim ɗin aloi na Toyota mai washa ne a gindi, na Honda mai zagayayyen gindi, kuma musanya su yakan ci bakin ramin. In na hannu za ka saya, nemi a juya shi a injin balansin a gabanka, ka kuma shafa cikinsa da hannu ko za ka ji tudun tsohuwar walda da aka lulluɓe da sabon fenti.

Wajen ɗaurawa, a goge tsatsar da ke fuskar da rim zai zauna, a fara ɗaura noti da hannu, sannan a tamke su ana tsallake ɗaya zuwa na gabansa maimakon bin su a jere. Kada a bari yaron shago ya hau sifana da ƙafa. A bi ma'aunin ƙarfin ɗauri da littafin motar ya faɗa, a kuma sake gwada notin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Ramin da ya lanƙwasa rim yakan taɓa saitin ƙafafun mota, don haka a biya a duba alaimen kafin sabuwar taya ta fara cin gefe ɗaya.