Yadda Ake Adana Tsofaffin Sulalla Ba Tare da Fuskarsu Ta Lalace Ba

Ga mai tara tsofaffin kuɗi, darajar anini mai huji, ko sulen azurfa na 1913, ko dalar Mariya Tareza, wato babban kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, tana kan fuskar ƙarfen ne. Abin da ya fi lalata fuskar nan kuwa shi ne hannun mai son ya ga tana ƙyalli.

Don haka kada a wanke, kada a goge. Toka da yashi suna barin ƙananan karce-karce da ba sa gyaruwa. Tsamiya da lemun tsami suna cinye saman ƙarfen. Duhun da azurfa ko tagulla ke yi da daɗewa ba dauɗa ba ne, masu saye ma sun fi son sa, kuma da sun ga sule ya sha guga sai su karya farashi.

In za a ɗauka, a kama gefe da ɗan yatsa da babban yatsa, hannu a wanke kuma a bushe, ko a sa safar hannu marar hoda. Gumi yana da gishiri da maiƙo, shatin yatsa kuwa idan ya zauna a kan tagulla ba ya fita. A shimfiɗa ƙyalle mai laushi a kan tebur saboda faɗuwa. Aninin alminiyam na 1907 da 1908 yana saurin lotsewa.

Kowane sule da gidansa. Zuba su tare a gwangwani yana sa su gogi juna. A yi amfani da ƙaramin kwali mai tagar ledar Mylar (wata leda garau da ba ta cin ƙarfe), mai inci 2 kowane gefe, ko gidan roba mai tauri daidai faɗin sulen. Idan an ɗinke kwalin da sitefila, a danne bakin ƙarfen da filaya, don kada ya karci na kusa da shi.

A guji leda mai laushi ta nau'in robar da ake kira PVC. Da zafi ya buge ta sai ta fitar da wani koren maiƙo mai cin ƙarfe. Idan ya riga ya hau, a jiƙa sulen cikin asiton zalla (ruwan sinadari mai narkar da maiƙo) a kofin gilashi na 'yan mintuna, nesa da wuta, a bar shi ya bushe da kansa. Asiton na goge jan farce ba zai yi ba, yana da gauraye. Robar ɗaure kuɗi da takardar jarida su ma suna baƙanta azurfa.

Sai laima. A sa komai cikin akwati mai rufuwa ruf, tare da ƙunshin ƙwayoyin silika masu tsotse laima, irin na kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su musamman da damina. Ƙurar hunturu kuma a hure ta da ɗan famfon roba, ba da baki ba, saboda yawu yana barin tabo. Kwabon tagulla da ya fara fitar da koren gari mai ɓarɓashi a ware shi nan take, a ajiye a wuri busasshe ƙwarai, domin irin wannan tsatsar tana huda ƙarfe.