Yadda Ake Bin Kalandar Yahudawa ta Dā a Gano Ranakun da Linjila Ta Ambata

Linjila ba ta ce an gicciye Yesu ranar kaza ga watan Afrilu ba. Abin da ta bayar shi ne sunan idi, da ranar mako, da sunayen masu mulki. Da waɗannan ukun ake ƙulla lissafi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bayan faɗuwar rana yana duban jinjirin wata ya riga ya san rabin aikin. Zan ɗauki ranar gicciyewa a matsayin misali, domin a nan ne alamun suka fi yawa.

Mataki na farko, ka ajiye agogon bango. A wurin Yahudawa sabuwar rana tana kamawa ne da faɗuwar rana, ba da ƙarfe goma sha biyun dare ba. Mu ma haka bakinmu ya saba: idan Bahaushe ya ce daren Juma'a, daren da ya biyo yinin Alhamis yake nufi. Saboda haka jibin da aka ci a daren Juma'a da abin da ya faru da azahar ɗin Juma'ar duk a rana ɗaya suke. Wanda ya manta wannan, lissafinsa zai goce da kwana guda tun daga tushe.

Mataki na biyu, ka san yadda wata ke kamawa. A zamanin Yesu ba a buga kalanda a rataye. Shaidu ne ke zuwa gaban Majalisar shugabannin Yahudawa a Urushalima su ce sun ga jinjirin wata, a yi musu tambayoyi: ta ina ya fito, ina ya karkata, tsayinsa nawa daga ƙasa? In an gamsu, sai a sanar, a kunna wuta a kan tuddai tun daga Dutsen Zaitun don na nesa su samu labari. In ba a gani ba, wata ya cika kwana 30. Wata goma sha biyu irin wannan kwana 354 ne, ya gaza shekarar rana da kusan kwana 11. Kalandar Hijira ta bar giɓin yadda yake, shi ya sa azumi ke zagayawa daga sanyi zuwa zafi. Yahudawa kuwa dole Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitarsu daga Masar, ya zo lokacin da sha'ir ya nuna, don haka bayan shekara biyu ko uku sukan ƙara wata na goma sha uku, Adar na biyu, kafin Nisan, watan idin, ya shigo.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Sai mutum ya buɗe manhajar juya kwanan wata a waya, ya buga shekara ta 30, ya kwafi abin da ta ba shi. Manhajar tana bin tsararriyar kalandar da Yahudawa ke amfani da ita yau ne, mai watanni bakwai na ƙari a cikin kowace shekara 19, wadda al'ada ke danganta kafa ta ga wani shugaban Yahudawa, Hillel na Biyu, wajen shekara ta 359. Shekara ɗari uku da ɗoriya ke nan bayan abin da muke nema. A ƙa'idar wannan kalanda ma 15 ga Nisan ba ya taɓa faɗawa Litinin, Laraba ko Juma'a. Ka ga ta yanke maka hukunci tun ba ka fara bincike ba. Abin da kake buƙata shi ne jadawalin masana taurari na haihuwar wata a sararin Urushalima.

Mataki na uku, ka killace shekarun. Bilatus, wanda ya yanke hukuncin gicciyewar, ya yi gwamnan Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, Kayafa kuma babban firist ne daga 18 zuwa 36. Luka 3:1 ya ce Yahaya Mai Baftisma ya fara wa'azi a shekara ta goma sha biyar ta mulkin Kaisar Tibariyas. Augustas, wanda Tibariyas ya gada, ya mutu a watan Agusta na shekara ta 14, to in ka ƙirga daga nan za ka sauka wajen 28 zuwa 29. Duk shekarar da ta gabaci wannan ta fita.

Mataki na huɗu shi ne mai gardama, kuma gara ka zauna a kansa. Littattafan Linjila huɗun duk sun yarda Juma'a ce, ranar shiri, jajibirin Asabar. Amma kwana nawa ga Nisan? Littafin Fitowa sura 12 ta ce a yanka ɗan rago 14 ga wata da yamma, a ci shi da dare, wato 15 ta riga ta shiga. Markus 14:12 ya nuna jibin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa shi ne na Idin Ƙetarewa, kenan Juma'ar 15 ga Nisan ce. Yohanna kuwa ya ce da asubar da aka kai Yesu fadar Bilatus, masu ƙararsa sun ƙi shiga don kada su ƙazantu su rasa cin jibin idi (18:28), ya kuma kira ranar da ranar shirin Idin Ƙetarewa (19:14). A wurinsa Juma'ar 14 ga wata ce, lokacin da ake yanka raguna a Haikali. Shawarata, kada ka yi gaggawar sulhunta su. Ja layi biyu a takarda, ɗaya na 14, ɗaya na 15, ka gwada kowanne.

Mataki na biyar, sai ƙirge. Ɗauki shekara ta 33. Wata ya haihu 19 ga Maris, amma ido ba zai kama shi ba sai yammacin 20 ga Maris. Yinin 21 ga Maris, ranar Asabar, shi ne 1 ga Nisan. Ƙara kwana 13, ka sauka a Juma'a 3 ga Afrilu, 14 ga Nisan cif. A shekara ta 30, in an ga wata yammacin 24 ga Maris, 14 ga Nisan ya zama Juma'a 7 ga Afrilu. In kuwa masu kaifin ido sun hango shi tun yammacin 23, wannan Juma'ar ta koma 15 ga wata, ta dace da Markus. Shekarun 31 da 32 ba su ba da Juma'a mai gamsarwa ba. Ta 34 tana shiga layin 15 ne kawai idan an ƙara wata a shekarar. Ka tuna kuma waɗannan kwanaki na kalandar Juliyas ne ta Rumawa. A irin kalandarmu ta yau ka rage kwana biyu.

Yanzu kana da 'yan takara biyu, 30 da 33. Ni dai na fi karkata ga 33. Yohanna ya ambaci Idin Ƙetarewa uku a lokacin hidimar Yesu (2:13, 6:4, 11:55), kuma in Yahaya ya fara a 28 ko 29, cusa idi uku kafin Afrilun 30 sai an matse lissafi har ya yi ƙara. A 1983 wasu masana biyu na Oxford, Colin Humphreys da Graeme Waddington, sun ƙara da cewa an yi husufin wata a yammacin 3 ga Afrilu 33, suka haɗa shi da maganar wata ya zama jini da Bitrus ya kawo a Ayyukan Manzanni 2:20. Wasu masana taurari sun ce da wuya a ce an gan shi sosai daga Urushalima, don haka ban ɗora kaya a kansa ba. Masu riƙe da 30 ma ba a banza suke ba: an haifi Yesu kafin mutuwar sarki Hirudus, wadda galibin masana ke sawa a shekara ta 4 kafin miladiyya, Luka kuma ya ce yana da wajen shekara talatin ya fara hidima. Abu ɗaya dai kalandar ta kashe bakinsa: duhun da Linjila ta ce ya rufe ƙasa da tsakar ranar gicciyewa ba husufin rana ba ne, domin idin yana zuwa ne a tsakiyar wata, husufin rana kuma sai a ƙarshen wata.

Da zarar ka tsayar da wannan, Fentikos, idin kwana na hamsin, ya zo da sauƙi. Littafin Firistoci sura 23 ta ce a ƙirga mako bakwai daga ranar miƙa damin nunan fari. A shekara ta 33 ranar ita ce Lahadi 5 ga Afrilu, kwana na hamsin kuma Lahadi 24 ga Mayu. A ta 30, bisa layin Yohanna, 28 ga Mayu ne.

Akwai masu gwada wannan dabara a kan ranar haihuwar Yesu. Sukan ce Zakariya, mahaifin Yahaya, na ƙungiyar firistoci ta Abiya ne, ta takwas cikin 24, sai su nemi makon aikinsa a Haikali, su ƙara wata shida na cikin matarsa Alisabatu kafin Maryamu ta ɗauki ciki, su ƙara tara na Maryamu. Matsalar ita ce kowace ƙungiya tana zuwa aiki sau biyu a shekara, Luka kuma bai faɗi wane zuwan ba ne. Shi ya sa da aya ɗaya wani ke fitar da watan Satumba, wani ya fitar da Disamba.