Yadda Ake Gyara Kwamfutar Tafi-da-gidanka da Ta Ƙi Tashi Bayan Sauya Faifan Ajiya

Mutane da yawa suna sauya faifan ajiya na kwamfutarsu, su danna maɓallin kunnawa, sai su ga baƙin allo da rubutun "No bootable device", nan take su yanke hukunci cewa an sayar musu da faifai marar kyau. Galibi ba haka lamarin yake ba. Sabon faifai yana zuwa ne babu komai a cikinsa, don haka kwamfutar ba ta samu babbar manhajar da za ta ɗauko ba. Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne ko kwamfutar tana ganin faifan ko ba ta gani, domin duk sauran aikin ya rataya a kan wannan amsa.

Da farko, idan kwamfutar ba ta ko kawo haske ba, galibi ba laifin faifan ba ne. Ka cire caja, ka danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 30, sannan ka buɗe bayanta ka duba ko ka mayar da wayar batirin ciki wurinta, ko kuma RAM, wato ɗan katin ƙwaƙwalwar wucin gadi na kwamfutar, ya ɗan zame yayin aikin.

Idan kuwa tana kawo haske, sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake buɗewa kafin Windows ta tashi. Da zarar ka kunna, ka yi ta danna F2 a Dell, Acer da Asus, F10 a HP, ko F1 a ThinkPad na Lenovo. Ka nemi wurin da aka jera na'urorin ajiya, ka ga ko sunan sabon faifan da girmansa sun bayyana.

Idan bai bayyana ba, a nan ne ake buƙatar natsuwa. Ka kashe kwamfutar, ka cire faifan ka sake tura shi har ya zauna daram. Sannan ka ɗauko tsohon faifan ka dubi bakinsa da kyau, domin a wasu kwamfutoci akwai wani ɗan siririn mahaɗi baƙi da yake maƙale a kan haƙoran faifan, wanda mutum zai zaci wani sashe ne na faifan, alhali zare shi ake yi a mayar kan sabon. Ba ƙaramin adadin faifai masu lafiya aka mayar wa masu sayarwa saboda wannan ɗan abu ba. Ga mai amfani da faifan M.2 kuma, wato ɗan siririn faifai mai kama da kati, ya sani cewa nau'i biyu ne, SATA da NVMe, kuma ko da ya shiga ramin, wasu kwamfutoci ɗaya kawai suke karɓa. Littafin bayanin kwamfutar shi zai raba gardama. Ana tura irin wannan faifai ne a ɗan karkace, a danna shi ƙasa, a ɗaure da ƙaramin sukuru.

Idan BIOS ta ga faifan kuma sabo ne fil, abin da ya rage shi ne ɗora Windows. Ka samu filashi mai aƙalla 8GB, ka yi amfani da wata kwamfutar ka sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft, manhajar da za ta ɗora fayilolin girka Windows a kan filashin. Ka tuna cewa duk abin da ke cikin filashin zai goge. Ka soka shi, ka kunna, ka danna F12 a Dell da Lenovo ko F9 a HP don zaɓar tashi daga filashin. Idan aka zo wurin zaɓen faifai, ka zaɓi filin da ba a rarraba ba, ka bar Windows ta tsara shi da kanta. Wani lokaci a kwamfutoci masu Intel na ƙarni na 11 zuwa sama, jerin yakan fito fanko duk da cewa BIOS tana ganin faifan. Maganinsa shi ne a sauke direban Intel RST, wato manhajar da ke sa Windows ta gane faifan, daga shafin kamfanin kwamfutar a loda shi a wurin, ko a kashe saitin da ake kira VMD a cikin BIOS. Batun lasisi bai kamata ya tayar da hankali ba, domin tun zamanin Windows 8, a 2012, yawancin kamfanoni suna ajiye lambar a jikin kwamfutar, ba a faifai ba.

Wanda ya kwafe tsohon faifai zuwa sabo, ko ya ɗauko faifai daga wata kwamfutar, matsalarsa daban ce. Hanyoyin tsara faifai biyu ne, GPT da MBR, hanyoyin tashin kwamfuta ma biyu ne, UEFI da Legacy. Faifan da aka tsara da GPT yana tashi ne a tsarin UEFI, wanda aka tsara da MBR kuwa yana buƙatar Legacy, saboda haka ka daidaita wannan a BIOS, ka kuma sa "Windows Boot Manager" a saman jerin tashi. Idan shuɗin allo ya fito da "INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE", ka duba a BIOS ko saitin SATA yana kan zaɓin AHCI ne ko na RAID, ka mayar da shi yadda yake lokacin da aka ɗora Windows ɗin. In hakan bai yi ba, ka tashi daga filashin, ka zaɓi "Repair your computer", sannan "Startup Repair". Idan shi ma ya gaza, ka buɗe Command Prompt ka rubuta bcdboot C:\Windows, amma ka fara tabbatar da harafin faifan da Windows take ciki, domin a wannan yanayi Windows takan koma D ko E.

A ganina, idan kwafin ya ci gaba da gardama, ɗora Windows sabuwa ya fi sauƙi da tsafta fiye da ɓata yini ana faci. Sai dai kada ka goge tsohon faifan tukuna. Ka sa shi a akwatin USB ka kwashe fayilolinka, kuma idan an kulle shi da BitLocker, wato makullin bayanai na Windows, za a nemi lambar buɗewa mai alƙaluma 48, wadda galibi takan kasance a asusunka na Microsoft.