Yadda na ceto fulawar Kirsimeti dina daga mutuwa

Sati biyu kafin Kirsimeti aka kawo min poinsettia, fulawar nan mai jan ganye da ake sawa a falo, asalinta daga Meziko ne. Kwana biyar kawai ganyen ƙasa suka fara zama ruwan ɗorawa suna zuba, kullum da safe sai na share guda uku huɗu a kan tayil, abin ya dame ni sosai dan kyautar ƙanwata ce.

Ni a tunanina hunturu ne ya busar da ita, kun dai san sanyin Jos a Disamba, sai na dinga ɗura mata ruwa safe da yamma, ashe ni ke kashe ta. Ran da na ɗaga tukunyar na ji nauyi, na cire ledar kwalliyar nan mai ƙyalli da aka naɗe ta da ita, wallahi ruwa ne kwance a ciki har ya fara wari, saiwar ta kusa ruɓewa.

Na yar da ledar, na ƙara huda gindin tukunyar da ƙusa, na bar ta kwana huɗu ba ruwa. Yanzu sai na tura yatsa cikin ƙasar, in ta bushe sannan na ba ta. Na kuma ɗauke ta daga bakin tagar da iska ke shigowa da dare, dan ba ta son sanyi ƙasa da digiri 10, na mai da ita inda hasken safe ke samun ta.

In kuna cire matattun ganye ku kula da farin ƙaron nan da ke fitowa daga jikinta, ya sa min ƙaiƙayi a hannu. Yau kwana tara ganye ko ɗaya bai faɗi ba.