Yadda za ka ci moriyar kalmar da ta yi tashe kafin ta salance

Kalmar tashe takan fara ne daga gajeren bidiyo a TikTok ko Facebook. Masu barkwanci su ɗauki muryar su ɗora a nasu bidiyon, ta faɗa status na WhatsApp, daga nan sai bakin direbobin keke, masu shayi da masu gabatarwa a wuraren biki. Ran da ka ji 'yan kasuwar Terminus da ke Jos na zolayar juna da ita, ta bar waya ta shigo gari.

Kafin ka buga ta a riga ko sitika, nemi bidiyon asali ka kalla har ƙarshe. Da yawa habaici ne ga wata ƙabila, ko akwai batsa a ciki, kuma a Jos irin wannan kan kori rabin kwastomominka. Ta siyasa ma haka. "Emi lokan" (wato "lokacina ne" da Yarbanci) da Tinubu ya furta a Abeokuta a 2022 ta zaga ƙasa, amma duk shagon da ya manna ta ya nuna ɓangarensa.

Fara da kaɗan: riga 20, sitika 100. Raba sitikar ga direbobin keke na Bauchi Road da Farin Gada, su ne allon tallarka. Kada ka gyara rubutun, ka bar shi yadda ake furta shi, don daɗin yana cikin lafazin. In kwana 3 suka wuce ba wanda ya tambayi riga, kada ka ƙara bugawa.